Takardar Modu Ta Shekara Arba'in a Adakata

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, don girman Allah a sakaya sunana, 'yan garinmu da yawa suna nan ciki. Ni ba yaro ba ne, na haura sittin, na yi ritaya, kullum ni ke karanta matsalolin wasu ina girgiza kai, to yau ga ni da tawa. Don Allah ku ba ni shawara kafin ranar Asabar, domin kwana huɗu ke nan na kasa zama wuri ɗaya, in shiga ɗaki in fito, in nufi bakin tasha in juyo ban yi komai ba, har mai ɗakina ta fara tambaya ko hawan jinin ne ya motsa.

Ni ɗan Nguru ne. A farkon shekarun tamanin, lokacin muna cikin jihar Borno tukuna, na yi sakandaren kwana da wani aboki ɗan Gashua, bari in kira shi Modu, ba shi ne sunansa ba. Benci ɗaya muka zauna shekara biyar. Modu irin yaran nan ne da ba sa rabuwa da rediyo, in an yi labarai sai ya tara mu ya sake yi mana nasa da sharhi, har malamin tarihi yakan tsaya ya saurare shi. Di'o muke ce masa, wato jami'in mulki irin na zamanin Turawa, kuma sunan ya bi shi har yau. Burinsa ɗaya, ya karanta kimiyyar siyasa a jami'a. In aka tsokane shi cewa hawan duro zai yi yana ihu a kasuwa, sai ya ce mu jahilai ne, wannan karatun shi ke fitar da jami'an mulki, da masu aiki a ofishin jakadanci, da 'yan jarida, da malaman jami'a. Ni kuwa tsakani da Allah ba ni da wani buri nawa. Ranar cike fom leƙa nasa na yi, abin da ya rubuta shi na kwafa.

Yaran yanzu ba za su gane yadda takarda ke zuwa a lokacin ba. Babu waya, babu duba suna a intanet, sai akwatin gidan waya, shi ma ba kowa ke da shi ba. Kawuna mai sayar da hatsi a kusa da tashar jirgi yana da guda, kuma lambarsa kusan duk layinmu ke amfani da ita, har da baƙin da ke zuwa cin kasuwa. Makullin yana hannuna tunda ni ne mai boko a gidan. Kuma yadda aka saba, duk wasiƙar da ta zo ni nake farkewa in karanta wa babba a gidan da aka aiko wa, ba wanda ya taɓa ganin laifin haka. Su Modu ba su da akwati a Gashua, sai ya sa lambar Kawu a fom ɗinsa, tunda mahaifinsa duk ranar kasuwa yana kawo bandar kifi Nguru a yi masa lodi zuwa kudu.

Wata ranar kasuwa da hantsi na buɗe akwati na ga ambulan mai ruwan ƙasa da hatimin jami'a, sunan Modu a jiki. Na laluba, nawa babu. Na farke, an ɗauke shi, kimiyyar siyasa, yadda ya nema. A nan na yi kuskuren da ya ja mini duk wannan. Maimakon in hau mota in kai masa Gashua, sai na bi abin da na saba, na ruga rumfar 'yan kifi wurin mahaifinsa ina cewa Baba albishirinka. Na karanta masa, na fassara, ina jiran goro.

Baba ya ce ba inda Modu za shi. Ku tuna lokacin sojoji ba su daɗe da kifar da gwamnatin farar hula ba, an kwashe 'yan siyasa, kuma ƙanin Baba uwa ɗaya uba ɗaya, wanda ya yi kansila, yana tsare wata na bakwai ba wanda ya san ranar fitowarsa. Na shiga yi masa bayani irin na Modu, cewa wannan aikin ofis yake kaiwa, ba jam'iyya ba. Ya ce ya sani sarai, ai sakataren ƙaramar hukumarsu ma mai digiri ne kuma tare aka tafi da su, shi dai duk hanyar da ta bi ta ƙofar gwamnati ya rufe wa gidansa. Sai ya kama hannuna, hannun nan nasa duk ƙaurin hayaƙi, ya ce, “Ɗana, na ba ka amana. Ka ƙona ta. In Modu ya ji daga bakinka, ban yafe ba.” Shekarata goma sha tara, dattijo ya riƙe mini hannu a tsakiyar kasuwa, na ce to. Amma ban ƙona ba, na jefa ta ƙasan adakata.

Daga nan Modu ya dinga biyo mahaifinsa duk mako. Tun daga nesa zai ɗaga murya, “Akwati fa?” In ce, “Ba komai, Di'o.” Haka muka yi wajen wata biyu. Ya taɓa cewa zai je jami'ar da kansa ya duba allon sunaye, tafiyar yini guda ce, Baba ya ce kakar kifi ce ba inda za shi, ni kuma na ƙara da cewa ai da sun ɗauke ka da sun rubuto. Wannan maganar ba Baba ya sa ni ba, ni na ƙirƙiro ta. Kuma tunda na zo faɗin gaskiya bari in ƙarasa, a can ƙasan zuciyata na ɗan ji sanyi cewa ba zai tafi ya bar ni ina auna gero a rumfar Kawu ba. Wannan ne abin da ya fi cina, ban taɓa faɗa wa kowa ba sai ku.

Modu bai sake nema ba. Kunya ta kama shi, wai wanda ya fi kowa baki a aji shi aka ƙi. Ya shiga harkar kifi gadan-gadan. Ni na sake zama jarrabawa da shekara ta zagayo, aka ɗauke ni, kuma kwas ɗin dai shi ne. Modu ne ya ɗaukar mini akwatin kaya har cikin mota. Duk hutu sai ya zo Nguru ya karɓi littattafan lakcata, ya karance su a bakin kogi wurin banda, ya dawo mini da su suna warin kifi, da tambayoyi a gefen shafi waɗanda ni mai zuwa ajin ban iya amsawa. Na gama, na yi bautar ƙasa, na ɗan koyar a sakandare, na shiga aikin ƙaramar hukuma, na hau mataki-mataki har na zama sakatare. Ranar da aka ba ni kujerar, Modu rago ya yanka. Baba ya rasu tuntuni, bai sake tayar mini da zancen ba ko sau ɗaya. Ita kuwa tambayar nan ta koma gaisuwarmu ta wasa. Har gobe in muka haɗu sai ya ce, “Sakatare, akwati fa?” ni kuma in ce ba komai, Di'o, ya bushe da dariya, ni ma in yi abin da ya yi kama da dariya.

Modu bai tagayyara ba, kar ku ɗauka haka. Yana da rufin asiri, ya je Makka, ya aurar da yara. Da abin ya tsaya a nan wataƙila da na tafi kabari da shi.

Autarsa ce ta tayar da maganar, sunanta a nan Yagana. Yarinyar ubanta ce sak, bakin, kaifin, har yadda take karkata kai in za ta yi musu. Ta gama sakandare da sakamako mai kyau, ta ce kimiyyar siyasa za ta cike, tana son aikin hukumar zaɓe ko ƙungiyoyin sasanta rikici, in ta samu hali ta koyar a jami'a. Modu ya ce sam, makarantar kiwon lafiya za ta. Na ji an kai ruwa rana, ta daina cin abincin gidan kwana biyu, uwarta na tsakiya tana ba kowa haƙuri. Yagana ta kira ni tana kuka, ta ce Baba Sakatare ka yi masa magana. Na tambaye ta dalilinsa. Da cewa ya yi masu wannan digirin sun yi yawa kuma aiki ya yi wuya, da na ce yana da hujja, domin na san yaran da suka gama suna zaune, zamani ba irin namu ba ne da ake jiranmu da ofis. Amma ba haka ya ce ba. Cewa ya yi shi ma ya nema lokacin da ƙwaƙwalwarsa ke ja, aka ƙi shi ko amsa ba a ba shi ba, wannan karatun ba na gidansu ba ne, ba zai bari ita ma ta shekara tana jiran abin da ba zai zo ba.

Shekaranjiya shi ma ya kira. Ya ce in zo Gashua ranar Asabar kafin a rufe cike fom, in zaunar da ita. “Kai ka yi karatun, kai za ta ji. Ka gaya mata gaskiya kawai.” Ina ajiye wayar na buɗe adaka. Takardar tana nan, ta yi ja, gefenta ya ɗan cinye, amma sunansa raɗau.

Na gaya wa mai ɗakina rabin labarin, ban da wancan sanyin da na ji. Ta ce in rufa wa mamaci asiri, in na fito da takardar Modu zai riƙe mahaifinsa a zuci alhali ba ya nan balle su yafi juna, kuma amana amana ce. Ta ce in lallashe shi ta wata hanya, in kawo misalin abokan karatuna da suka ci gaba. Na san Modu, zai saurare ni tsaf ya ce ai ku an ɗauke ku. Ba misali yake buƙata ba, abin da ya gina a kai ne ƙarya, kuma ni na ɗora tubalin. In na yi shiru, yarinya za ta rasa abin da ubanta ya rasa, ta hannun mutum ɗaya. In na yi magana, na karya alƙawarin dattijo, wataƙila in rasa abokin da ban da kamarsa, kuma ban san yadda mutum ɗan sittin da ɗoriya zai ɗauki labarin cewa rayuwar da ya yi ta yi wa wani murna a kanta tasa ce ba.

Malamai na cikinku, amanar da aka ɗora wa yaro a kan zaluntar wani tana nan daram bayan mai ita ya rasu? Waɗanda suka karanta wannan kwas a 'yan shekarun nan, ku gaya mini tsakani da Allah ko ya cancanci in rusa zumuncin shekara arba'in saboda shi. In kuma faɗa zan yi, in ambaci Baba ne ko in ɗauki laifin ni kaɗai?

Ranar Asabar da safe zan hau motar Gashua. Na san yana zaune a ƙofar gida a kan tabarma, Yagana na leƙowa daga zaure, kuma tun kafin in cire takalmi zai ce, “Sakatare, akwati fa?”

Me zan ce masa?