Na Zo Jinya, Aka Yi Jinyata

Gashuwa, Talata, 7 ga Mayu

Zuwa ga matata Adawiyya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da ɗanmu Suhaib da iyalinsa da maƙwabta baki ɗaya. Yaya zafi? Yaya kunnen naki? Na san ko na kira waya ba za ki ji ni sosai ba, shi ya sa na rubuta na ba Goni direba ya kawo miki.

Na iso Gashuwa jiya bayan la'asar. Amma akwai laifin da zan fara amsawa kafin ki ji a bakin wani. Ban shiga mota ba kamar yadda na ce miki. Da na fita bayan sallar asuba, shagona na nufa, na ɗauki baƙin keken nan da na sake wa sarƙa, na kama hanya.

Kin san abin da ya kawo ni. Ya Falmata ta yi min waya tana kuka, ta ce mijinta, aminina Babagana, ya ƙi komawa wankin ƙoda, kuma ba wanda zai iya da shi sai ni. To ni da Babagana, kafin in aure ki, a kan keke muke ɗauko bandar kifi tsakanin Nguru da Gashuwa, sau biyu a mako. Sai na ce a raina, in ya gan ni a ƙofar gidansa a kan keke ina da shekara hamsin da tara, zai ji kunya ya ce ya gaji da rayuwa. Lissafina ke nan, kuma a lokacin na ga kamar hikima ce.

Har hantsi lafiya lau nake tafiya. Kafin in kai Jajimaji gwiwoyina suka fara ciwo, ruwan gorata ya ƙare. A can na sha fura da nono mai sanyi kwanya guda, na ci awara da yaji, na shiga kemis na sayi maganin ciwon jiki na haɗiye biyu. Da rana ta take na ƙara biyu. Daga nan ban ƙara ganin komai ba sai kwalta. Sau uku ina sauka in kwanta a gindin bishiya.

Babagana yana zaune a zaure na iso. Ya rame, Adawiyya, ƙafafunsa kuwa sun kumbura. Ya kalle ni, ya kalli keken, sai ya fashe da dariya har tari ya sarƙe shi. Ya Falmata ta ce rabonsa da dariya tun kafin azumi. Na ji daɗi, na ce aiki ya fara kyau.

Ban kai ga yin magariba ba cikina ya murɗa. Daga jiya zuwa yanzu na daina ƙirga zuwana bayan gida. Ga amai, ko ruwa na kurɓa sai ya dawo. Kada ki tayar da hankalinki, gajiya ce da furar nan. Ki gaya wa Suhaib ya buɗe shago, akwai keken Malam Bubayero da na yi alkawarin faci.

Ki yafe min ƙaryar da na yi miki.

Mijinki,
Mudi

Gashuwa, Juma'a, 10 ga Mayu

Adawiyya,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kin wuni lafiya. Takardarki ta iso, na karanta faɗan da ke ciki har sau biyu, kuma ban ga inda kika yi ƙari ba. Kukar da kika aiko ma an karɓa, Ya Falmata tana godiya.

Yau ban je masallacin Juma'a ba. Rabon da in rasa Juma'a har na manta. Ina kwance a tabarma a zaure, Babagana yana kan katifarsa a ɗaya gefen, buta tana tsakaninmu. Na zo jinya, ga shi ni ake jinya. Ya Falmata, wadda dama ba ta samun hutu, yanzu kunu biyu take damawa, ta haɗa min ruwan gishiri da sukari, ta aiko ƙanin mijinta Uwais ya riƙa ni zuwa bayan gida saboda jiri. Shekaranjiya ban kai ba. Uwais ne ya wanke wandon. Na gwammace a ce dukana ya yi.

Abin da ban gaya wa kowa ba sai ke: fitsarina ya ragu ƙwarai, ɗan abin da ke fita kuma ja ne kamar shayi. Kin san garin nan da ciwon ƙoda. Duk wanda ya shigo gaida Babagana sai ya ambaci wani da aka binne. Ina jin su, ina kallon ƙafafuna ko sun fara kumbura.

Babagana ya lura. Jiya ya ce min, "Mudi, tun safe ban ji ka zuba ruwa ba. Tashi a kai ka asibiti." Na ce masa ba inda za ni, jikina ne na san shi. Ya ce, "To, ashe kai ma ka iya wannan maganar." Na juya masa baya.

Gaskiya tsoro nake ji. In na je aka ce ƙodar ce, me zan ce miki? Na bar gida lafiyata ƙalau, na je na sayo ciwo da ƙafafuna. Maganar da na zo yi masa kuwa ko buɗe ta ban yi ba. Ya Falmata takan tsaya a bakin labule ta tambaye ni jiki, na kuma san ba jikin kaɗai take tambaya ba.

Hannuna ya gaji. Ki sa ni a addu'a.

Naki,
Mudi

Gashuwa, Talata, 14 ga Mayu

Zuwa ga Adawiyya, Maman Suhaib,

Assalamu alaikum. Ina fatan wannan takarda ta same ki cikin ƙoshin lafiya. Ki kwantar da hankalinki, ki kuma hana Suhaib tahowa. Da sauƙi sosai.

Ranar Asabar da safe Babagana ya sa aka kira Keke Napep. Ya saka babbar riga da hula, ya dafa bango ya miƙe, ya ce in ban tashi ba shi zai tafi ya zauna a ƙofar asibitin har in zo. Mutumin da bai taka ƙofar gida ba kusan wata guda. Dole na tashi.

An ɗebi jinina, an sa min ƙarin ruwa leda huɗu, na kwana biyu a can. Likitar, wata yarinya ce da ba ta wuce sa'ar Saudatunmu ba, ta tambaye ni abin da na ci da abin da na sha. Da na ambaci keke daga Nguru sai ta ajiye biro ta dube ni. Ta ce jikina ya bushe tun a hanya, na zuba masa nono da yaji da ƙwayoyi huɗu a cikin rana, hanjina ya ƙi karɓa. Ƙodar ta wahala, amma ta ce tana dawowa daidai, in sake gwaji bayan mako biyu. Ta hana ni maganin ciwon jikin nan kwata-kwata. Yanzu ina cin farar shinkafa da ɗan gishiri, kuma tana zama.

Wunin Asabar ɗin nan Babagana yana gefen gadona a kan kujerar roba. Da na ga ruwa ya fara shiga jikina, na sami bakin magana, sai na ce bari in sauke abin da na ɗauko. Na ce masa ga shi ya shigo asibiti da ƙafarsa bai mutu ba, saura ya koma nasa. Na kawo masa maganar 'ya'yansa, na kawo ta Ya Falmata.

Ya bar ni na gama. Sannan ya ce, "Kwana nawa ka yi a kwance?" Na ce biyar. Ya ce, "Kwana biyar, ka juya min baya don an wanke maka wando. Ni wata goma sha huɗu. A ɗauke ni a sa a mota, a sauke ni, a soka min allura, in dawo ban san inda kaina yake ba, kafin in farfaɗo ranar komawa ta zo. Likitocin sun yi iyakar ƙoƙarinsu, sun kuma gaya min gaskiya, zuciyata ma ta raunana. Ban raina rai ba, Mudi. So nake sauran kwanakin in yi su a zaurena, in san wanda ya shigo."

Da a ce daga mota na sauko da ƙarfina, da na yi masa gardama har dare. Amma ina kwance da allura a hannu, na san ɗan kaɗan daga abin da yake faɗa, kuma ɗan kaɗan ɗin ma ya ishe ni. Na sake roƙonsa sau ɗaya, ya girgiza kai, na bari.

Da muka dawo gida na gaya wa Ya Falmata yadda muka yi. Ta ce, "Ashe zuwan banza ka yi." Ta saki labule. Tun ranar ba ta sake yi min magana ba, abinci Uwais ke kawowa. Ban ga laifinta ba. Ni kaina ban tabbata daidai na yi ba.

Zan zauna tukuna. Keken na ba Goni ya ɗaura a saman mota, a kai shago. Ki aiko min da kaya kala biyu da carbina.

Mijinki,
Mudi

Gashuwa, Asabar, 25 ga Mayu

Adawiyya,

Gaisuwa da fatan alheri. Na san Suhaib ya riga ya gaya miki. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Babagana ya cika jiya da hantsi, an yi masa sutura bayan Juma'a.

Kwanakin nan mun yi su a zaure. Wata rana ya yi hira, wata rana barci kawai. Ya sa na aske masa kai. Ya kira 'ya'yansa ɗaya bayan ɗaya ya yi musu magana, ni ina fita waje in ba su wuri. Daga Laraba ya daina gane mutane sosai. Ni da Uwais muka yi masa wanka, ni na shiga kabari na karɓe shi. Da zan fito sai da mutum biyu suka jawo ni.

Yau da safe Ya Falmata ta aiko a kira ni. Na tsaya a bakin ƙofa na yi mata gaisuwa, ina jiran abin da za ta ce, na kuma shirya karɓarsa ko mene ne. Sai ta ce, "Malam Mudi, har yanzu ina jin haushinka, ba zan ɓoye maka ba. Amma tun da kuka dawo daga asibitin nan ba a sake rigima da shi a kan abinci ba. Ko me na kai sai ya ce a zuba muku tare." Daga nan kuka ya ci ƙarfinta, matan da ke ciki suka riƙe ta, na koma zaure na zauna.

Ki shirya ki taho gobe da motar safe, ki zauna da ita har a yi bakwai. Tana buƙatar wadda za ta zauna kusa da ita ba tare da yawan magana ba. Ranar Litinin zan je a sake gwajin jinin, in mun gama mu koma gida tare.

Na gaji, Adawiyya. Allah Ya jiƙansa, Ya sa mu cika da imani.

Mijinki,
Mudi