Jiragen da ke kan kantar Baba ba aikin hannunsa ba ne

Assalamu alaikum admin da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma kafin kowa ya zage ni ya karanta har ƙarshe, zagin da nake wa kaina ma ya ishe ni.

Ni mace ce, ina aiki a wata ma'aikata a Garki. Mahaifina tsohon makaniken jiragen sojan sama ne, da ya yi ritaya suka koma Tungan Maje shi da Mama. Baba ba ya zaman majalisa, abin da ya sani kawai haɗa ƙananan jiragen yaƙi na roba. A kwali suke zuwa gutsure-gutsure, sai ka yanke kowane yanki, ka goge, ka liƙa da gam, ka yi fenti, ka jiƙa sitika a ruwa ka manna. Tun ina yarinya nake zama gefensa ina miƙa masa burushi, a nan na koya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa Uwata yake ce mini.

Bara hannunsa ya fara rawa. Likita ya ɗora shi a kan magani, ya ce a karɓe mukullin mota, Mama ta karɓe. Baba bai yi gardama ba, amma jiragen ya ƙi bari. Ranar da na je na tarar da wanda ya haɗa, wallahi sai da na shiga banɗaki na yi kuka. Fiffike ɗaya ya karkace, gam ya zubo a gilashin matuƙi ya yi fari fat. Idonsa ma ya yi rauni, ya ɗaga jirgin yana tambayata, "Uwata, ya kika gan shi?" Me zan ce wa mutumin da ya ƙare ƙuruciyarsa yana gyaran na gaske? Na ce ya yi kyau. Na ce warin fenti na ƙarshe yana tayar masa da tari, ya bar ni in tafi da shi gida in fesa in dawo da shi.

A nan shaiɗan ya samu ƙofa. Na yi odar kwali iri ɗaya, na zauna na haɗa sabo tsaf da hannuna, na kai masa a matsayin nasa. Nasa na gaske na tura ƙasan gadona. Na ce wa kaina sau ɗaya ne. Amma da kun ga fuskarsa ranar, har maƙwabci ya kira ya zo ya gani. Daga nan ya zama al'ada, ni nake sayo masa kwali, kuma duk sanda zan saya biyu nake saya. Kantarsa ta cika da aikina, ƙasan gadona ya cika da nasa.

Ban san abin da nake ginawa a kansa ba sai da Mama ta kira ni ta ce ya fara tsallake magani. Da na yi masa magana ya jawo ni gaban kanta, ya nuna mini siririn layin fenti da ke zagaye da gilashin wani jirgi, ya ce, "Dubi nan. Mai ciwon hannu zai ja wannan layin? In na zauna aiki rawar tsayawa take yi, Allah ne ya kawo sauƙi." Ni na ja layin nan a teburina na gida.

Sai kuma na tafka kuskuren da ya ƙarasa komai. Irin jiragen nan sai an sa ɗan ƙarfe a cikin hancinsu kafin a liƙe, in ba haka ba sai su zauna kan jela, hanci sama. Baba noti yake sawa, shi ya koya mini. Na ƙarshen da na haɗa ina sauri, na manta. Yana ajiye shi a kanta ya ɗaga hanci ya zauna kan jela. Baba ya daɗe yana kallonsa, ya danna hancin, ya sake ɗagowa. Ya ce a hankali, "Na rantse na sa noti. Ban taɓa mantawa ba." Ya sa, jama'a, notinsa yana cikin jirgin da ke ƙasan gadona. Sai ya juyo ya ce wa Mama, "Kin gani? Maganin nan ne yake cinye mini ƙwaƙwalwa. Hannu ya warke, su kuma suna neman maida ni mahaukaci." Daga ranar bai ƙara haɗiyar ƙwaya ɗaya ba.

Ina tsaye a wurin. Me ya hana ni magana? Tsoro ne, ba komai ba. In na faɗa, na nuna masa cewa duk abin da yake alfahari da shi ƙarya ne, ’yarsa ce take yi masa wasan yara, har maƙwabci ya kira a kai. Baba mutum ne da zai iya yafe maka zagi, amma ba ya yafe tausayi. In kuma na yi shiru, ga hannu yana ƙara rawa, shayi ma Mama rabin kofi take zuba masa yanzu.

Jiya Mama ta kira ni. Wai Baba ya ce ta fito masa da mukullin motarsa, ranar Juma'a da kansa zai tuƙa zuwa masallaci a Zuba, a kan titin nan da tireloli ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. Ta ce masa a tambaye ni tukuna, sai ya ce, "Tambaye ta mana. Uwata ce shaidata, ita take ɗaukar aikina da hannunta, ba za ta yi mini ƙarya ba."

Na fito da jiragensa na gaske na jera su a kwali, suna bayan motata tun safe, na kasa kunna motar. In kai masa su in karya masa zuciya, ko akwai hanyar da zan hana shi mukullin nan ba tare da ya san gaskiyar ba? Don girman Allah, me zan yi?