Matakin da Na Ɓoye

Zuwa ga 'yata Auta,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigidanki da jikokina. Mu nan sai godiya, ban da hannun nan da ya ƙara rawa. Jiya sau uku ƙusar agogo tana suɓuce mini, sai da mamanki ta share shagon kaf kafin a gan ta.

Na fara kwas ɗin da kika sa ni a intanet. Mu goma sha tara ne, ni kaɗai ne mai furfura. Ranar farko goshina kawai kyamara ta nuna har aka tashi, yanzu duk ajin Baba Goshi suke ce mini. Malamar akwai haƙuri. Ta koya mana buɗe shafi, da sa hoto, da liƙa akwatin sharhi a ƙasa don mai karatu ya mayar da magana. Har na wallafa darasin farko, yadda ake wanke agogon hannu irin wanda ake wanawa.

Gaskiya tsoro nake ji, Auta. Shekara arba'in da ɗaya ina kan teburin nan, ba wanda ya zauna ya koya. Ba na so in tafi da abin a cikin kaina.

Ki gaida kowa.
Babanki, Mai Agogo

Auta 'yar albarka,

Ina gaisuwa. Yaya jikin ƙaramin, haƙorin ya fito? Yau da kunya nake rubuto miki.

Wata ma'aikaciyar jinya ta yi magana a akwatin sharhin. Agogon mahaifinta marigayi ne, ta bi darasina tiryan-tiryan, yanzu agogon gudu yake kamar an biyo shi, ga shi tana so ta riƙa duba bugun jinin marasa lafiya da shi. Tana tambaya a ina ta yi kuskure.

Ba ita ta yi kuskure ba, ni ne. Akwai siririn gashin ƙarfe a cikin agogo wanda ba a bari mai ya taɓa shi sam in ana ɗiga wa agogo mai, don in ya taɓa shi agogo gudu yake, ni kuwa ban faɗa ba. Ba mantuwa na yi ba. Haka muka taso a sana'ar, kowane maigida yana riƙe mataki guda don kada a daina neman sa. Nawa maigidan sai da na shekara bakwai ya nuna mini wannan. Kin san agogon bangon nan da ke rataye shiru a shago tun kina rarrafe? Nasa ne. Ya rasu bai gaya mini sirrin kaɗawarsa ba, na daɗe ina jin haushinsa, sai ga ni na yi halinsa ga baiwar Allah da ba ta ci mini komai ba.

Mamanki ta ce in daina zagaye teburi in amsa wa yarinyar mutane.

Naki,
Baba

Auta,

Barka da war haka, da fatan gida lafiya. Na amsa mata. Na gyara darasin, na ba ta haƙuri a fili inda kowa zai gani. Malamar ta nuna mini yadda ake ɗora bidiyo, mamanki ta riƙe waya, ni na wanke gashin a hankali na shanya a kan farar takarda. Rawar hannuna ta fito sarai. Na so in goge, daga baya na bar ta.

Shekaranjiya da hantsi yarinyar ta turo sautin bugun agogonta, bayan ta wanke gashin yadda na nuna. Na kara waya a kunne, na bi bugun da agogon hannuna har ya ƙare, bai kauce ba ko kaɗan. Na yi kuka, ba zan ɓoye miki ba. Ta ce yaushe darasi na biyu, wasu mutum huɗu ma sun tambaya.

Agogon maigidana kuwa na sauke shi, na kaɗe ƙura, na ɗauki hoton cikinsa na sa a shafin, na tambaya ko akwai wanda ya san kansa. Shekara talatin yana rataye ban taɓa tambayar kowa ba.

Allah ya yi miki albarka.
Babanki, Baba Goshi