Dalmar da ta gangaro daga bakin bindigata

Matankari, daren Laraba, bayan girbi.

Yau gaban maharba na sunkuyar da bindigata, sai dalmar ta gangaro ƙasa kamar kashin akuya. Aka yi ta dariya. Ɗana Illo ya ce, "Baba, cikinta ya cinye. Ka rataye ta, farautar Asabar ba da kai ba."

Wai in rataye ta! Ni da haƙorana suka zube, an hana ni tuwo ne?

Dalmar kasuwa ce ta yi mata kaɗan. Da la'asar na sa maƙeri ya narka mini mai kauri, na naɗe ta da tsumma, na ɗura. Da ƙyar ta shiga. Na kifa bakin, na girgiza, ta ƙi fitowa.

Asabar ni ne gaba. Illo ya riƙo mini gorar ruwa.