Makarantar da Muka Baro Babu Rufi

Kudai, Makka.

Zuwa ga yayata Larai,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah Ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Malam Sadisu da yara. Yaya jikin Inna? Matata Mubina ta gaya mini ƙafafun sun sake kumbura, ko bakin ƙofa ba ta zuwa sai an riƙe ta. Allah Ya ba ta lafiya, Ya sa kaffara ne. Ni ma ina nan da rai, alhamdu lillahi, sai gajiya da ta ƙi sakina.

Saƙonki na murya ya iso, na kasa amsa shi da baki, shi ya sa na rubuta, zan ba wani ɗan Maraɗi da ya zo umara ya kawo miki. Kin ce Inna tana tambaya wane irin ɗa ne zai sami hutu ya tsallake uwarsa, ya tafi wata ƙasa yi wa baƙi gini. Tana da gaskiyar tambaya. Ga yadda abin ya kasance, ki karanta mata a hankali.

Kin san labarin Yunus, maginin nan ɗan Maroko da muke ɗaki ɗaya tun da aka rushe unguwarmu a Nakkasa muka dawo Kudai. Shi ne ya yi jinyata lokacin da na faɗo a wurin aiki na karye, shi ke ba ni abinci a baki. Ƙauyensu can cikin duwatsu yake. Da aka yi girgizar ƙasar nan, muna bakin aiki da safe labari ya same shi cewa gidansu ya rufta. Mahaifiyarsa da ɗansa Hudaifa ba su fito ba. Matarsa Samah da 'yarsa Raghad ne aka zaƙulo da rai. Ya je ya yi zaman makoki ya dawo, domin idan bai yi aiki ba babu mai ciyar da su. Hunturu biyu suka yi a cikin tanti, ga dusar ƙanƙara. Ni ne shaidar yadda mutumin nan ya rame. Da hutunmu ya zo tare, bai roƙe ni ba. Yana haɗa kayansa ne ya ce bai san ta inda zai fara ba shi kaɗai, don maginan yankin wasu sun mutu, wasu sun tafi birni. Yaya, na kasa kallon idonsa in ce masa ni gida na nufa.

Ban taɓa ganin hanya irin tasu ba. Mota ta kai mu inda za ta iya, sauran da ƙafa, siminti kuma sai a bayan alfadarai. Da muka isa na ga rabin ƙauyen tulin duwatsu ne, ƙofofi a tsaye babu ɗakuna a bayansu. An kawo musu agaji da farko, barguna da abinci da tantuna, sun gode, amma masu kawowa sun ragu tun da hankalin duniya ya koma wani wuri. Raghad kuwa, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar Kabirarki ba, tun ranar nan ba ta yarda ta shiga ko'ina mai rufi. Ko masallacin da aka gyara, daga waje take tsayawa.

Mun fara haƙa harsashin gidan Yunus ke nan sai dattawan ƙauyen suka zo tare da malamar makaranta. Suka ce ɗan kwangilar da aka ba ginin makaranta ya zuba harsashi ya tafi bai dawo ba, wai hanya ta fi ƙarfin motocinsa. Iyaye sun fara kwashe yara suna sauka birni, idan yaran suka ƙare kuma ƙauyen ya mutu ke nan. Yunus ya juya ya dubi matarsa. Samah ce ta ce a kwashe simintinsu a kai can, ita ta saba da tanti, amma ba za ta iya ganin abokan Hudaifa suna watsewa ɗaya bayan ɗaya ba. Haka muka bar ramin gidan muka koma makaranta. Mata ke ɗauko ruwa daga kwari, tsofaffi suna tsinto duwatsu masu kyau daga gidajensu da suka rushe. Wani dattijo ya kawo dutsen bakin ƙofar ɗakin da matarsa ta rasu a ciki, ya ce a sa shi inda yara za su riƙa takawa.

Mun tayar da bangon aji biyu har linta, wato saman ƙofofi da tagogi. Daga nan ruwan sama ya zo ya yanke hanya, rodi da kayan rufi suka maƙale a ƙasa, muna ta jira har hutuna ya ƙare. Na baro gidan abokina rami, makaranta kuma buɗe a sama. Yunus ya ƙi biyo ni, ya san zai rasa aikinsa na nan Makka, ya ce a bar shi. Duk hanyar dawowa ina jin kamar na yi biyu babu, ban ga Inna ba, ban gama musu komai ba. Makon jiya sai ya turo mini hoto. Malamar ta gaji da tanti, ta kwashe yaran ta shigar da su ajin haka nan, ga Raghad zaune a tsakiyarsu. Ta ce wa babanta wannan ɗakin tana iya shigarsa tunda ana ganin sama. Yanzu shi kansa bai sani ba, ya yi addu'ar kayan rufin su iso ko su ƙara jinkiri.

Na nemi kafilina, wato ubangidan da nake aiki a ƙarƙashinsa, ya ƙara mini ko 'yan kwanaki in zo, ya ce babu maganar tafiya sai bayan aikin hajji. Ba ni da yadda zan yi. Ki ce wa Inna ban manta da ita ba, duk Juma'a ina ambaton sunanta a Harami. Ki roƙa mini ita gafara, ta kuma yi ƙoƙari ta jira ni. Abu ɗaya ne kada ki karanta mata: bayana ya taɓu a wurin ɗaukar duwatsun, a kan kujera nake salla yanzu.

Ki gaida Malam Sadisu da Kabira da ƙannenta, da Kawu Mukhtaru, da Gwaggo Saudatu. Ki riƙa leƙa Mubina da yaran don Allah.

Ƙaninki,
Maharazu