Bushin Motar Baba

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ya aiki, ya maigidanki da yara? Na zaɓi in rubuto ne saboda ni da ke in muka hau waya ba a daɗewa murya take tashi, ga shi kullum kina asibiti kan marasa lafiya.

Maganar Baba ce. Jiki da sauƙi, yana ci yana barci, amma mantuwar nan ƙaruwa take yi. Jiya har da faɗa wajen neman tabarau, alhali yana kan hancinsa. Abu ɗaya ne bai manta ba, motarsa Shuɗiya. Ran nan ya sa na buɗe rumfar bayan gida na yaye mata tamfol, ya tsaya yana shafa ƙofarta, sannan ya ce, "Auta, kai bakanike ne ko mai gadin mota? Ka tashe ta in zaga gari kafin in manta hanya." Da dariya ya faɗa. Ni ban iya dariyar ba.

Na ja ta zuwa garejina. Inji lafiya lau, na sauya mai da batir ta tashi da tari biyu kamar tsohon mashayin taba. Matsalar a ƙasa take. Bushin ɗinta duk sun mutu. In kin manta, bushin su ne 'yan zobban robar nan da ke tsakanin ƙarfe da ƙarfe a ƙafafun mota, su suke shanye girgiza. Nata sun bushe sun tsattsage, na taɓa ɗaya da sukudireba ya marmashe kamar gawayi. A haka ba zan ɗora Baba a kanta ba, sitiyarin ma rawa yake.

Irin robarta ta asali babu ita a kasuwa, motar tsere ce mai kujera biyu da ta girme ni, sai an yi oda daga waje. Amma ina da na foliyuritan a kan kanta, mu foli muke ce masa. Ya fi roba tauri, mai ba ya cinsa, rana ba ta fasa shi, kuma mota tana riƙe hanya a kwana kamar an ɗaure ta. Cikin mako guda zan gama. Na ce bari in sanar da ke, tunda kin ce kada a taɓa komai na Baba ba da saninki ba.

Ki gaishe da kowa.

Ƙaninki,
Auta

*

Zuwa ga Auta,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na gode. Muna nan lafiya, yara suna gaishe ka da kai da matarka. Allah ya saka maka da alheri bisa ɗawainiyar Baba, na san nauyin duk a kanka yake.

Na karanta maganar motar, na kuma tambayi mijin wata abokiyar aikina da ke harkar tsofaffin motoci. Ya tabbatar da duk abin da ka ce game da folin. Ya ƙara da abin da ba ka faɗa ba: duk wani rami da tsakuwar hanya sai ta iso ƙashin bayan mutum, kuma in giris ya bushe sai ya riƙa ƙiiƙii kamar tsohon gado.

Auta, ka tuna bayan Baba. Ka tuna kuma abin da yake alfahari da shi a motar nan. Ba gudu ba ne. Lokacin da kake ƙarami, ni nake zama a kujerar gefe kai kana kan cinyata, sai ya ɗora kofin ruwa a kan dashbod ya bi hanyar tashar jirgi mai gargada, yana cewa mu duba ko ɗigo ya zuba. Zuba yake yi, amma ba ma faɗa. Umma, Allah ya jiƙanta, cewa take motar nan lilo ce.

A wajen aikina ina ganin masu irin lalurarsa. Suna yana ɓacewa, fuska tana ɓacewa, amma jiki yana riƙe abin da ya saba da shi. In ya zauna a cikinta ya ji tana dukansa, zai ce an sauya masa mota, kuma ka san yadda ransa yake ɓaci yanzu da abu kaɗan. Ina so in ya shiga ya tarar da ita yadda ya bar ta.

Don Allah ka yi odar robar. Mota ta yi shekaru a ajiye, ɗan jiran da za a ƙara ba zai zama komai ba.

Ka shafa mini kan yara. Ka ce wa Baba 'yarsa tana gaishe shi.

Yayarka

*

Yaya,

Salamu alaikum. Da fatan kuna lafiya.

To, likita ta yi magana. Na ji haushi da na karanta, har matata ta tambaye ni wa ya taɓa ni. Amma da na kwanta a ƙarƙashin motar na sake tunani, na ga kina da gaskiya ta wani fannin. Ni masu gudu nake yi wa aiki, samarin da ke son su ji hanya a tafin hannu. Baba ba ya cikinsu. Na yi odar robar. Dillalin ya ce ba za ta daɗe ba, amma kin san bakin dillali.

Yanzu Shuɗiya tana kan jak, ƙafafu huɗu a sama, na kwance komai na wanke na jera. Baba ya tsiri zuwa gareji kullum da safe. Na ajiye masa kujera a inuwa kusa da injin iska. Yana zama da sandarsa yana ba ni umarni, wai na riƙe sifana kamar mai riƙe cokali. Kwastomomina sun saba da shi, har akwai mai kawo masa jarida.

Kullum tambayarsa ɗaya: "Yau za mu fita?" In ce saura kaɗan, Baba, kaya muke jira. Sai ya ce, "Wane kaya?" In yi bayani. Jiya ya ce, "Ni ko a kan katako ne ka ɗora ta mu tafi." Na ce Yaya ce ta ce sai roba. Ya ƙyalƙyale da dariya ya ce, "Wannan yarinya uwarta ce sak, in ta kafe sai a bar ta."

Ya tsara inda za mu je ma. Wai za mu bi ta tsohon ofishinsu na safiyo, mu wuce gidan hayar da aka haife ki, mu ƙare a bakin dam. Ya faɗa mini kwana-kwana, bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Sai na ji daga gare ki.

Auta

*

Auta,

Assalamu alaikum. Ina fata kowa lafiya. Ka yi haƙuri da gajeriyar takarda, a ɗakin hutun ma'aikata nake rubutawa.

Na kira Baba ranar hutuna, matarka ta ba shi wayar. Mun yi hira mai daɗi, ya tambayi yara. Can sai ya ce in gaya wa Umma ta dawo haka nan, ta daɗe a unguwa. Na ce to. 

Abin yana sauri fiye da yadda na zata. Wata nawa ke nan robar ba ta zo ba? Na janye maganata. Ka sa folin, ka sa duk abin da ke hannunka, ka fita da shi a makon nan. In ta dake shi ka sa masa matashi.

Na nemi hutu, sun ce sai an sami mai karɓata.

Yayarka

*

Yaya,

Salamu alaikum. Takardarki ta same ni, kuma na san ba za ki ji daɗin wannan ba.

Robar ta zo tun kafin ki rubuto. Da na buɗe kwalin sai na ga tsohon ajiya ne, ta shekara da shekaru a sito. Na lanƙwasa ɗaya a hannu na ga 'yan tsaga a jikinta. Za ta yi aiki, ban ce ba za ta yi ba, wataƙila shekara ɗaya ko biyu. Amma na ji ba zan iya ɗaura wa motar Baba abin da ba zan ɗaura wa baƙo ba. Na mayar, na ce a kawo sabuwa. Dillalin ya rantse mini tana hanya.

Folin kuma da kika ce, na ɗauko shi har na buɗe leda. Sai na tuna kofin ruwan nan da kika rubuta, na mayar da shi kan kanta. Ke kika sa mini wannan tunanin, yanzu ya ƙi fita. Mun riga mun jira mai yawan, saura kaɗan. Kuma in na ɗaura foli yau, robar ta zo jibi, sai na sake kwance ƙafafun gaba ɗaya.

Baba ya rage zuwa gareji, yana cewa ƙarar injin iska tana damunsa. Amma jikinsa lafiya. Kada ki tayar da hankalinki.

Ƙaninki

*

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata kina lafiya da ke da iyali. Na ga kiranki ban ɗauka ba, ki yafe mini. Ba zan iya faɗar wannan da baki ba.

Sabuwar robar ta zo, mai kyau, baƙa wuluk, tana ƙanshin sabon taya. Na rufe gareji na ɗaura ta da hannuna, ban bar kowa ya taɓa ba. Da na sauke Shuɗiya daga jak na zaga da ita, Yaya, lilo ce. Umma ba ta yi ƙarya ba. Na bi ta hanyar tashar jirgi, ramukan suna nan har sun ƙaru, amma sai ki ji kamar hannu ne yake ɗaga ki yana ajiyewa.

Na wanke ta na kawo ƙofar gida da hantsi. Matata ta shirya Baba, ta sa masa farar rigarsa da hular da yake so. Na riƙo hannunsa muka fito. Na zuba masa ido ina jira. Ya dubi motar ya ce, "Kai, wannan mota da kyau take." Shi ke nan abin da ya ce.

Na buɗe masa ƙofa ya shiga, na sauke rufin motar, da yake irin mai naɗewa ne. Muka bi ta ofishin safiyo, na rage gudu na nuna masa. Ya gyaɗa kai irin na ladabi. Gidan hayar an rushe shi an yi shaguna, nan ma na tsaya na yi bayani, ya ce, "Allah sarki." Iska tana kaɗa masa riga, ya jingina ya miƙe ƙafa, fuskarsa a sake. Rabon da in ga ya ji daɗi haka na manta.

A hanyar dam ne ya juyo ya dube ni ya ce, "Direba, motar wane ne wannan?"

Na ce, "Ta wani dattijo ce, ma'aikacin safiyo."

Ya ce, "To ka gaya masa ya iya riƙon mota. Ko girgiza babu." Sannan ya ce, "Ni ma yarona bakanike ne. Yana can yana gyara mini tawa, ya ce kaya yake jira."

Na ce, "Allah ya kawo kayan, Baba." Na gangara gefen hanya na ce zan duba taya. Na tsuguna a bayan motar har sai da na iya tashi.

Ban rubuto don in ɗora miki ba. Ke kin ce a jira, daga baya kin ce a bari. Ni na mayar da robar farko, ni na rufe ledar foli. Abin da ke cina shi ne, da na ɗaura folin tun farko, da mun fita lokacin da yake iya faɗa mini kwana-kwana. Da ya zage ni tas, ya ce na mayar masa da mota amalanke, ya kira ni mai riƙe cokali. Yaya, zagin nan nake so in ji, kuma ba zan ƙara jinsa ba.

Da muka dawo ya yi mini godiya, ya laluba aljihu yana neman abin da zai ba direba. Ya tambaya ko zan dawo gobe. Na ce zan dawo.

Ki yi mana addu'a.

Ƙaninki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na karanta. Ba na so ka ƙara cewa laifinka ne.

Hutun bai fito ba, na ajiye musu takarda na ce ina da mara lafiya a gida, su yi yadda suka ga dama. Ina tafe a motar safe ranar Asabar.

Ka ci gaba da zuwa masa kullum. In na iso ka nuna mini yadda ake sa mata giya, wata rana ni zan fita da shi. In ya tambaye ni ko ni wace ce, zan ce 'yar'uwar direba ce.

Ka gaishe da matarka, ka ce na gode mata.

Yayarka