'Yata Na Mayar Da Karan Masara Mai, Ni Kuwa Tsoro Ya Cinye Ni

Anti, don Allah ki taimake ni, hankalina ya ƙi kwanciya. Babbar 'yata ta samu aiki a wata ƙaramar masana'antar gwaji da ke bayan gari. Karan masara da ɓuntun shinkafa suke tarawa, su dafa a manyan tankuna har ya zama man da inji zai sha. Da farko har guɗa na yi. Sai ran nan na leƙa wajen, na hango ta a kan tsanin ƙarfe, tanki na huci a gefenta, zafi har bakin ƙofa.

Anti, tukunyar gas ce ta fashe da mahaifinta a shagonsa. Ni na yi jinyar ƙunarsa har ya cika. Makon jiya kuma bututu ya tsage, tururi ya ƙone hannun abokin aikinta. Ɓoye mini ta yi, a bakin ƙanwarta na ji. Yanzu ko waya ta yi ƙara sai in zaci mugun labari ne. Na roƙe ta ta bari, ta yi ta kuka, wai aikin nan ne burinta. Yayata ta ce in gaya mata ban yafe ba in ta koma. Na san za ta bi. To in faɗa?

Uwa mai fargaba

'Yar'uwa, Allah ya jiƙan maigidanki. Wadda ta ga abin da kika gani ba za a ce tsoronta ya yi yawa ba, kuma 'yarki ba ta kyauta ba da ta ɓoye miki. Amma kada ki furta wannan kalma. Za ta bar aikin, ta zauna kusa da ke da karyayyar zuciya, kuma daga ranar ba za ki ƙara jin cikinta ba.

Wurin gwaji yana da haɗari, shi ya sa ake farawa da kaɗan. Ki zaunar da ita, ki tambaye ta me ya tsaga bututun, me aka gyara, waɗanne kayan kariya take sawa. In amsarta ta yi rawa, ta tsaya a gida har shugabanninta su gyara, haƙƙinta ne. In ta gamsar da ke, ki sa mata albarka.

Ke ma ki samu likita ko aminiya ki amayar da abin da gobarar nan ta bar miki. Kin daɗe kina ɗauke da shi ke kaɗai. Allah ya tsare miki ita, ya sanyaya zuciyarki.